Kabarin da Ya Fuskanci Arewa

Ina cikin liƙe gindin wani bokiti da dalma direban Alhaji Sabo ya tsaya a bakin rumfata a Rafin Guza, cikin Kaduna. Bai kashe mota ba, bai kuma yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "Iro, ajiye wannan. Alhaji na nemanka."

Alhaji Sabo aminin marigayi mahaifinmu ne. Gidansa a Unguwar Sarki shi ne kaɗai gidan da muka sani mai tarho, kuma nan ƙanena Nasiru yake bugowa daga Kanada sau biyu ko uku a shekara. Amma in Nasiru ne, tun ana gobe ake sanar da mu, mu je mu zauna jira. Wannan karon ba a sanar da kowa ba.

Na sami Alhaji a zaure ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Zauna, ɗana." Na zauna. Ya ce, "Sai haƙuri. Wanda ya ba mu Nasiru ya karɓi abinsa. Motar da suke ciki ce ta zame a kan ƙanƙara. Musulmin garin sun yi masa sutura tun jiya."

Ni a aji bakwai na tsaya, na gaji mahaifinmu a ƙirar fari: bokiti, mazurari, ludayi, tasa, adaka. Nasiru shi ne ya yi nisa. Shekararsa huɗu a can yana neman digiri na uku a lissafi. Na taɓa tambayarsa wane irin lissafi ne ba ya ƙarewa, ya ce, "Yaya, lissafin lanƙwasa ne. Yadda layi ke lanƙwasa, da yadda bayan abu ke lanƙwasa, kamar bayan ƙwarya ko sirdin doki." Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "To Malam Lanƙwasa, ni kullum lanƙwasa ƙarfe nake yi, ba wanda ya sa ni a jirgi." Sunan ya bi shi a gida. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Bayan sadakar arba'in takarda ta zo daga makarantarsu, suna neman wani na jikinsa ya je ya sa hannu ya karɓi kayansa, su za su ɗauki nauyin tafiyar. Mahaifiyarmu, Inna, ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ni ba kayansa nake so ba, Iro. Ka je ka ga makwancinsa da idonka. Ka dawo ka faɗa mini an kwantar mini da yaro yadda ake kwantar da Musulmi. In na ji wannan daga bakinka, zan iya barci." Ta ba ni ƙunshin kilishi da daƙuwa da wata hula zanna, ta ce in miƙa wa wanda ya yi masa wanka.

A Legas aka fara cutata. Wani mutum a bakin filin jirgi ya ga ina ta waige-waige, ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya ce shi ɗan Katsina ne. Da ya ji inda za ni ya dafe kai ya ce, "A wannan rigar? Malam, gawarka za a dawo da ita." Ya ja ni wani lungu ya sayar mini da wata kwat ruwan ɗorawa mai sheƙi, ya rantse ita Turawa ke sawa a cikin ƙanƙara. Ya haɗa mini da ɗan kamfas na aljihu, ya ce don kada gabas ta ɓace mini. Kwat ɗin ta ruwan sama ce, leda ce kawai. Kamfas ɗin kuwa lafiyarsa lau, kuma da ma shi ne ya zama na jabu, da ya fi mini.

A wani birnin Turawa muka sauka don canjin jirgi. Awa bakwai na yi a kan kujera ɗaya, ina tsoron in tashi jirgi ya tafi ya bar ni. Ƙishirwa ta dame ni, ban san inda ake shan ruwa ba, Turancina kuma na aji bakwai ya gudu ya bar ni. Wata baƙar mace mai goge daɓe ta wuce ni sau uku. A na huɗu ta tsaya, ta karɓi tikitina ta duba, ta girgiza kai. Ashe ba ma a wurin da ya kamata nake zaune ba. Ta jingine sandar aikinta, ta riƙe hannun rigata kamar makaho har ƙofar da jirginmu zai tashi, ta je ta dawo da shayi a kofin takarda. Ban san sunanta ba, ban san ƙasarsu ba.

A jirgi na biyu aka ba ni wurin taga. Bayan 'yan awoyi na leƙa ƙasa na ga fari fat, ba gari, ba itace, duwatsun ƙanƙara kawai har iyakar gani. A aljihun kujera akwai mujalla mai taswirar duniya. Na nemo Kanada, na nemo Makka. Makka tana hannun dama, ta ɗan yi ƙasa. Na ce a raina, to, gabas ce dai, da ɗan karkata kudu. Na yage shafin na sa a aljihu.

Da muka sauka, ma'aikatan bincike suka buɗe jakata suka ɗauke kilishin Inna. Na yi ta cewa na sadaka ne, na mamaci ne. Mutumin ya ce nama ba ya shiga, ya jefa shi a wani babban kwando a gabana. Daƙuwa ya shinshina ya mayar mini.

Wanda ya tarye ni Abdurrahim ne, abokin zaman Nasiru, mai karatun haɗa magunguna. Ɗan Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, cakuɗe da Larabci. Ya rungume ni muka yi kuka, sannan ya ja baya ya dubi kwat ɗina.

"Yaya Iro, wannan fa? Kifi za ka kama?"

Ya tuɓe tasa ya sa mini, ya fita cikin sanyin nan da 'yar shara har wurin mota. Ƙanƙara ta fara narkewa a lokacin, su suna cewa sanyi ya wuce. Ni kuwa haƙorana haɗuwa suke yi.

A gadon Nasiru na kwana. Takalmansa na nan a jere. Da asuba Abdurrahim ya shimfiɗa mana darduma, na bi shi salla ban yi tunanin komai ba, don baƙo bai san gabas ba. Muna zaune muna lazimi gari ya waye, sai na ga hasken rana yana shigowa ta tagar da ke hannun damana. Ba ta gabana ba. Na ciro kamfas na ɗora a kan dardumar. Allurar ta yi rawa ta tsaya, tana nuna daidai inda muka sa goshi. Arewa.

Na ce, "Abdurrahim, ina muka kalla?"

Ya ce, "Alƙibla."

"Arewa ce wannan."

"Na'am. Haka alƙiblar garin nan take. Arewa, da ɗan karkata gabas."

Na mayar da kamfas aljihu, don ni baƙo ne kuma rigarsa ce a jikina. Amma da azahar na ce ina da uzuri, na shiga ɗaki na juya darduma gabas na yi sallata ni kaɗai, na kuma rama ta asuba.

Kwana na uku aka kai ni maƙabarta. Wanda ya tuƙa mu wani dattijo ne ɗan asalin Labanan, mai kantin kayan abinci, kowa na ce masa Baba Yusuf. Shi ya yi wa Nasiru wanka, shi ya shiga ramin ya karɓe shi. A mota yana ta magana Abdurrahim na fassara mini, yadda ƙasa ta daskare sai da aka kwana ana gasa ta kafin ta haƙu, yadda mutum goma sha ɗaya suka tsaya salla cikin iska. Hular Inna na cikin aljihuna. Na yi niyyar in ba shi a bakin kabarin.

Maƙabartar ta gari ce, ta kowa da kowa, an yankar wa Musulmi wani ɗan gefe kusa da shinge. Kabari huɗu ne a wurin. Na huɗun ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe makara a ƙasarmu ya san yadda kabari ke kwanciya: kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas. Ni da hannuna na kwantar da mahaifinmu haka. Wannan kuwa a gicciye yake. Tsawonsa ya bi gabas da yamma, kusan kamar na waɗanda ba Musulmi ba da ke ɗaya gefen. Na ciro kamfas. Na tambayi ina kansa yake, aka nuna mini. Na kwatanta kwanciyar dama. Fuskar ƙanena arewa take kallo.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ban yi masa addu'a ba. Na juya kan dattijon nan na ɗaga murya a cikin maƙabarta. Na ce sun wulaƙanta mana gawa. Na ce zaman ƙasar Turawa ya sa sun manta addininsu har gabas ta ɓace musu. Na zaro shafin mujalla ina kaɗa masa a fuska, ina nuna masa Makka da yatsa. Na ce wa Abdurrahim ya fassara, kada ya rage ko kalma.

Abdurrahim ya ce, "Ba zan fassara ba. Yaya Iro, ka ji tsoron Allah. Nasiru ne da kansa ya auna wannan alƙiblar."

Na ce, "Kada ka ɗora wa mamaci. Don ba ya iya tashi ya kare kansa?"

"Wallahi lissafi ne. Ni ban iya bayaninsa ba, amma…"

"Lissafi ya fi rana gaskiya? Kai ma kakanninka da suka tafi Makka a ƙafa, arewa suka nufa?"

Baba Yusuf bai ji Hausa ba, amma bai buƙaci fassara ba. Ya tsaya hannayensa a baya, yana kallon ƙasa. Da na gaji ya buɗe mini ƙofar mota.

Da yammar nan wani Bazazzagi mai karatun likitan dabbobi ya zo yi mini gaisuwa. Ya ce gobe zai tafi gida, ta Kaduna zai bi, ko akwai saƙo? A wancan zamani wanda iyayensa ba su karatu, kaset yake aika musu. Na ɗauki rikodar Nasiru na rufe ƙofa. Ban jira zuciyata ta huce ba. Na gaida Inna, na ce na iso lafiya. Sannan na ce, "Inna, na ga makwancin. Ba zan ɓoye miki ba tunda kin ce in faɗa miki abin da na gani. Ba a kwantar da shi daidai ba. Arewa yake kallo." Daga nan kuka ya ci ƙarfina, na bar kaset ɗin yana juyawa ban kashe ba. Na rubuta sunan Alhaji Sabo a bayan ambulan na miƙa wa Bazazzagin.

Kwana biyu ni da Abdurrahim sai gaisuwa. Yana dafa abinci ya ajiye mini, yana sallarsa arewa, ina tawa gabas, a ɗaki ɗaya.

Ranar da aka sa mini in je makaranta, shi ya raka ni don fassara. Malamar da ke duba aikin Nasiru wata tsohuwar Baturiya ce, 'yar ƙarama, gashinta fari, hannun rigarta duk alli. Ofishinta cike yake da wasu abubuwa na farar ƙasa da na waya, wani kamar sirdi, wani kamar kakaki, wani kamar ƙwarya a kife. Ta yi mini ta'aziyya, na sa hannu a takardu, ta nuna mini kwali uku na littattafansa. Sai Abdurrahim ya yi mata wata doguwar magana da Turanci, ina jin sunana a ciki. Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi dariya ba.

Ta sauko da ƙwallon duniya daga kan kabad, irin mai zanen ƙasashe. Ta kafa allura a garin da muke, ta kafa wata a Makka. Ta ba ni zare ta ce in ɗaura a allura ta farko, in ja zuwa ta biyu, in ja sosai har ya tsaya cak a jikin ƙwallon.

Na ja. Zaren ya haura arewa, ya bi ta gefen farin nan da ke saman duniya, sannan ya gangaro ta ƙasashen Turawa ya sauka Makka. Na ce a raina kuskure na yi. Na tura shi da yatsa ya koma gabas, inda nake so ya bi. Bai kai ba, sai da na ƙara masa tsawo. Da na sake ja, ya zame ya koma inda yake. Sau uku ina yi.

Ta ce, ta bakin Abdurrahim, "A kan abu mai lanƙwasa, wannan shi ne miƙaƙƙen layi. Ba hanyar da ta fi shi kusa. In ka tsaya a garin nan kana son ka fuskanci Makka kai tsaye, inda zaren ya fara nufa nan za ka kalla. Da za ka zo, me ka gani ta tagar jirgi?"

Na tuna farin nan marar iyaka. Na ciro shafin mujallata, wanda duk ya yamutse, na shimfiɗa a teburinta. Ita ce hujjata ta ƙarshe.

Ta ɗauki farar takarda ta naɗe ta ta zama bututu. Ta warware, ta sake naɗewa ta zama mazurari. Ta warware, takarda ta koma yadda take. Sannan ta ɗora ta a kan ƙwallon tana ƙoƙarin lulluɓe shi. Kafin Abdurrahim ya buɗe baki na riga shi. Na ce, "Ba za ta kwanta ba. Bokiti da mazurari yanka ne da naɗi. Amma tasa ko ludayi, sai an sa a turmi an buga, ƙarfen ya miƙe a tsakiya. In ba haka ba sai ya tattare ko ya tsage."

Da aka fassara mata ta ajiye takardar. Ta ce, "To, wanda ya zana wannan taswirar ya ɗauki tasa ya mayar da ita falle. Dole ya ja wani wuri, ya tsaga wani. Ƙasashen suna nan, amma hanyoyin sun karkace." Ta ce wani masani ya tabbatar da wannan da lissafi tun da daɗewa, kuma ɗalibanta sukan yi wata da watanni kafin su kai wurin. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da mazurari da ludayi. Na gane su tun kafin ta miƙo mini. Bugun gudumata ne, har da 'yar alamar da nake yi a bakin mariƙi. Ta ce duk shekara in Nasiru zai koyar da sababbin ɗalibai wannan darasi, da su yake shiga aji. Yakan ce musu yana da wa a gida wanda ya san wannan da hannunsa tun kafin shi ya san shi da alƙalami.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara ashirin ina wannan aiki. Ba ranar da ba na gaya wa mai saye dalilin da ya sa tasa ta fi bokiti wuyar yi. Abin da na sani ne, na tsallake shi na je na zagi dattijo a kan kabarin ƙanena.

A hanyar komawa Abdurrahim ya ba ni sauran labarin. Kafin zuwan Nasiru, Musulmin garin gabas maso kudu suke kallo, bisa taswira, kamar yadda na yi. Da ya kawo maganar aka yi kusan shekara ana gardama, har wasu suka daina gaishe shi. Baba Yusuf, wanda ya fi kowa daɗewa yana kallon wancan gefen, shi ya fara juya dardumarsa. Da aka ba su fili a maƙabarta, Nasiru ne ya je da turaku da igiya ya fitar da layin. Mutum uku aka kwantar a kai kafin shi.

Washegari na ce a kai ni kantin Baba Yusuf. Na same shi yana jera gwangwanaye. Na durƙusa a gaban masu sayayya na ce ya yafe mini. Ya kama kafaɗuna ya ɗaga ni. Ya ce, "Ka yi faɗa saboda ɗan'uwanka. Ni in na mutu a garin nan, ban san wanda zai taso daga wata ƙasa ya yi faɗa a kan yadda aka kwantar da ni ba." Na ba shi hular da daƙuwar, na ce daga mahaifiyar Nasiru ne. Hular ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakar kansa kamar murfin tukunya. Ya ƙi cirewa. Ya rufe kanti ya sake kai mu maƙabarta, na yi addu'ar da ban yi ba.

Abdurrahim ya ce, "Yanzu sai ka buga wa Alhajin nan tarho, a tare kaset ɗin."

Na ce to. Washegari na ce layi ba ya shiga da rana. Da aka sake kwana na ce ai Bazazzagin zai fara zuwa gida ya huta tukuna. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan buɗe baki in ce wa Alhaji Sabo na yi wa mutane ƙazafi ba, kuma ban san yadda zan ce masa Makka tana arewa ya kai wa Inna ba tare da ya ɗauka sanyi ya taɓa mini kai ba. Na ce in na isa zan yi bayani da bakina. Kwana goma sha biyu suka rage a tikitina, na bar su suka wuce.

Ta Kano na dawo. Na isa gida na tarar kaset ya riga ni da kwana tara. Inna ta saurare shi a gaban matan da suka zo taya ta zama, don ta ɗauka albishir ne. Unguwa duk ta ji. An yi saukar Alƙur'ani, an raba waina sadaka don Allah ya juyar da fuskar Nasiru. Ita kuwa ta rame, idanunta sun faɗa.

Na sa aka sayo lemo. Na zauna a gabanta na kafa tsinke biyu, na ja zare, na yi bayani iyakar iyawata. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Iro, lemo ne wannan."

"Misali ne, Inna. Duniya ce."

"Tun ina yarinya gabas nake kallo. Ubanku gabas yake kallo inda yake kwance." Ta dafa kaina. "Na san muryarka, ni na haife ka. A kaset kuka kake yi, wannan ita ce muryar abin da ka gani. Yanzu lallashina kake yi. Allah ya yi maka albarka. Amma bar shi."

Na kawo mata wani malamin lissafi na sakandare da ƙwallon duniyar makarantarsu. Ta gaishe shi da mutunci, ta sa aka kawo masa fura. Da ya tafi ta ce, "Su suka binne shi, su suka yi ƙwallon." Na kawo limamin unguwa, ya gaya mata a Harami ta kowace kusurwa ake kallon Ka'aba. Ta ce ta yarda, amma ai Nasiru ba a Harami yake ba. Magana zarar bunu ce. Ni na zare ta, kuma duk wanda na kawo ya mayar, gani take ni na roƙe shi.

Abu ɗaya ne Inna ba ta taɓa shakka a kansa ba, shi ne aikin hannuna. Takan ce bakina na iya zuƙi, amma gudumata ba ta yi. Sai na yi shawarar in ƙera mata duniya da kaina, ta tagulla, ta riƙe a cinyarta ta ja zaren da hannunta. Na buga tasa biyu masu zurfi daidai da juna. Na buɗe littafin Nasiru mai zanen ƙasashe, ina kwafa da ƙusa a hankali. Tasa ɗaya na ɗauke da Kaduna da Makka, ɗayar na ɗauke da garin da yake kwance. Zaren ba zai jawu ba sai an kifa su an liƙe.

Liƙin aikin yini ɗaya ne. Na ja shi wata biyar. Kullum sai in sami abin gyara, wannan gaɓar teku ba ta fita ba, wancan bakin bai daidaita ba. Tsoro nake ji in kai mata ta juya shi a hannu ta ce mini tasa ce, don bayan wannan ba ni da sauran abin nunawa.

Inna ta rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. A cikin maganganunta na ƙarshe ta ce in riƙa sa Nasiru a addu'a fiye da ita, don shi ne ba a kwantar daidai ba. Na ce mata to.

Tasoshin biyu suna nan ƙarƙashin teburin aikina, a naɗe cikin buhu. Ban liƙe su ba har yau.